Ruwan da ke bi ta ƙarƙashi: sharhi kan katangar Kamaishi da lissafin kwamfuta

Yau tafiyar da nisa, don sai mun dangana da gaɓar arewa maso gabashin Japan, wani gari da ake kira Kamaishi a lardin Iwate. Gari ne na masunta da ma'aikatan masana'antar ƙarfe, mutanensa sun kusa 40,000 kafin shekarar 2011. Yana zaune a ƙuryar wani lungu da teku ya shigo cikin ƙasa, tsaunuka sun tokare shi ta baya.

Mutanen wannan gaɓar, wadda ake kira Sanriku, sun san tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke haddasawa, tun kaka da kakanni. A 1896 ya kashe musu mutum kusan 22,000 a dare guda. Ya dawo a 1933. A 1960 kuma girgizar ƙasa ce aka yi can ƙasar Chile, igiyar ta ƙetare tekun Pasifik baki ɗaya, ta kwana a hanya, ta zo ta afka musu. Shi ya sa gwamnatin Japan ta yanke shawarar tare bakin lungun Kamaishi da katanga, tun daga cikin teku, kafin ruwa ya kai ga gidajen mutane.

An soma aikin a 1978, ba a gama ba sai watan Maris na 2009, wato shekara 31. Katanga biyu ce: ta arewa mita 990, ta kudu mita 670, aka bar ƙofa mai faɗin mita 300 a tsakani don jiragen ruwa. Inda ya fi zurfi, ginin ya taso ne daga mita 63 a ƙarƙashin ruwa, abin da ya sa littafin Guinness ya rubuta ta a 2010 a matsayin katangar teku mafi zurfi a duniya. Kuɗin da ta ci kuwa ya kai yen biliyan 120, kimanin dala biliyan ɗaya da rabi a canjin 2011.

Sai mai sauraro ya fahimci yadda ake irin wannan gini, don duk maganarmu ta yau a nan take. Ba a haƙa harsashi a ƙasan teku a zuba kankare kamar yadda ake yi wa bene. Duwatsu ake lodowa a jirage, fasassu, a yi ta zubawa har su zama tudu mai tsawo a ƙarƙashin ruwa. A baje saman tudun. Sannan a gina manya-manyan akwatunan kankare a bakin gaɓa, kowane ya kai girman bene mai hawa da yawa, a ja su bisa ruwa zuwa wurin, a nutsar da su a kan tudun, a cika cikinsu da yashi, a rufe. Akwatin ba a ɗaure yake da komai ba. Nauyinsa ne kaɗai ke riƙe da shi, da kuma cizon da gindinsa ke yi wa duwatsun. A wurin da ya fi zurfi a Kamaishi, fiye da rabin tsayin ginin tulin duwatsu ne zalla. Tulin dutse kuwa, kowa ya sani, cike yake da kafofi. Ruwa na shiga yana fita ta cikinsa dare da rana, kuma magina sun san da haka tun farko.

Ranar Juma'a 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana agogon Japan, ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 9. Wata na'urar awo da ke shawagi a teku, kimanin kilomita 20 daga Kamaishi, ta auna tashin ruwa na mita 6.7 da misalin ƙarfe 3:12. Mintoci kaɗan bayan haka igiyar ta iso katangar, wadda tsayinta a bisa ruwa kimanin mita 6 ne, ta haye ta. Da ruwa ya janye, aka tarar yawancin akwatunan ɓangaren arewa sun zame ko sun karkace, wasu sun gangaro daga kan tudun sun nutse ta wajen gari. Ɓangaren kudu ma ya yi mummunar ɓarna. Mutum sama da 1,000 suka rasu ko suka ɓace a Kamaishi kaɗai, cikin sama da 18,000 a faɗin ƙasar. Shekara biyu kacal da gama ginin.

To, me ya ture akwatin da ya kai nauyin tan dubbai?

Igiyar ruwa ta yau da kullum, wadda iska ke tayarwa, duka take yi ta koma. Cikin daƙiƙa goma ko sha biyar ta buga, ta ja baya, wata ta zo. Irin wannan bugun injiniyoyi sun daɗe da sanin lissafinsa, kuma Japan na kan gaba a fannin, domin ƙa'idar da wani injiniyansu, Yoshimi Goda, ya fitar a farkon shekarun 1970 har yau da ita ake aiki a ƙasashe da dama. Tsunami dabam ne. Teku ne gaba ɗaya ke tasowa, ya tsaya a sama na tsawon mintoci yana dannowa. Masu bincike da suka bi hotunan bidiyon da aka ɗauka a Kamaishi sun ƙiyasta cewa akwai lokacin da ruwan wajen katangar arewa ya fi na ciki tsayi da kimanin mita 8. Kowace mita ɗaya ta bambancin tsayin ruwa tana nufin turin tan ɗaya a kan kowane murabba'in mita na bango. Ku lissafa tan takwas a kan kowane murabba'in mita, tun daga saman akwatin har gindinsa, kuma turin bai sassauta ba.

Ruwan da ya haye ta sama yana faɗowa ta baya da ƙarfi, yana tone duwatsun da ke tokare da akwatin. Wani kuma yana feshi ta 'yan tsagogin da ke tsakanin akwati da akwati, shi ma yana kwashe abin da ya tarar. Waɗannan ido na iya ganinsu, ko a bidiyo ko a ramukan da suka bari. Wanda ido ba ya gani shi ne ruwan da ke kurɗawa ta cikin tudun duwatsun, ta ƙarƙashin akwatin, daga wajen teku zuwa wajen gari. Duk wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san ba ruwan da ke dukan katanga ne ke kayar da ita da damina ba, wanda ya kwanta a gindinta ne, ya jiƙa ta, ya cinye ta a hankali, ranar da za ta kife sai ka ga ko iska babu.

Bari mu ɗan tsaya a nan, don wurin na buƙatar natsuwa. Dutse idan ya shiga ruwa yana rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Wannan tun asali an sa shi a lissafi. Amma idan ruwan na tafiya ta cikin kafofin duwatsu, yana jan kowane dutse zuwa inda ya nufa. A ƙarƙashin akwatin yana jan su zuwa baya. A ƙarshen akwatin ta wajen gari, inda ruwan ke neman mafita, yana tura su sama da waje. A nan ne kuma, daidai wannan kusurwar, akwatin ke jibge mafi yawan nauyinsa idan teku ya danno shi ta gaba, tunda yana neman jingina baya ne. Wato wurin da aka fi buƙatar duwatsu su cije, a nan ruwa ke sassauta su.

Mutumin da ya fara bayyana wannan sarai shi ne Karl Terzaghi, injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, a littafinsa na 1925 wanda ake ɗauka a matsayin tushen ilimin ƙarfin ƙasa. Abin da ya nuna shi ne, ƙarfin yashi ko tsakuwa ya dogara ga yadda ƙwayoyin ke danne juna. Idan matsin ruwan da ke cikin kafofinsu ya ƙaru, dannewar sai ta ragu daidai gwargwado. Har ya ba da iyaka: idan ruwa na hawa sama ta cikin yashi, kuma bambancin matsinsa ya kai kimanin mita ɗaya a kowace mita ɗaya ta kaurin yashin, to ƙwayoyin sun daina danne juna ke nan. Yashin sai ya soma ɓuɓɓuga, ko ƙaramin dutse ka ɗora a kai nutsewa zai yi. A kan gangare kuwa ba sai an kai wannan iyakar ba, tunda dutsen gangare dama neman mirginawa yake yi. Da zarar 'yan duwatsun farko sun tashi, hanyar ruwan ta gajarta, gudunsa ya ƙaru, sai ya ƙara kwasar wasu. Haka ramin ke cin baya-baya har ya kai gindin akwatin.

Ma'aunin Japan na ɗaukar cewa akwatin kankare a kan duwatsu zai jure turin da ya kai kashi 60 cikin ɗari na nauyin da yake dannawa da shi, kafin ya zame. Amma ruwan da ke bi ta ƙasa yana ɗaga shi, nauyin da yake dannawa da shi ya ragu, tudun da yake kai kuma ya yi laushi. Turi na ƙaruwa ta gaba, riƙo na raguwa ta ƙasa, duk a lokaci guda.

A yi adalci, masu bincike ba su ce yoyon ƙarƙashi shi kaɗai ya kayar da katangar Kamaishi ba. Tawagar Taro Arikawa ta Cibiyar Binciken Tashoshin Jiragen Ruwa da na Sama ta Japan, a rahoton da ta gabatar a 2012, ta fi ɗora nauyin abin a kan bambancin tsayin ruwa, da raguwar matsi a bayan akwati yayin da ruwa ke hayewa, da kuma zaizayar tudun. Wasu abokan aikinsu a cibiyar, Hidenori Takahashi da Shinji Sassa, su ne suka bi sawun yoyon. Suka nuna a 2014 cewa yana rage nauyin da tudun zai iya ɗauka, daga baya kuma suka nuna cewa idan ya haɗu da ruwan da ke faɗowa ta sama, zaizayar ta fi muni nesa ba kusa ba a kan idan kowanne shi kaɗai ne. Dutsen da ruwa ke turawa ta ƙasa ba ya yi wa ruwan sama gardama.

Tambayar ita ce, ta yaya aka san abin da ke faruwa a cikin tulin dutse, mita talatin a ƙarƙashin teku, a tsakiyar bala'i? Ba wanda ya gani. Ba kuma za a sake kiran tsunami don a gwada ba. Hanyar da aka saba ita ce a gina ƙaramin samfuri a ɗakin gwaji, a cikin dogon kwatami, a sako masa ruwa. Hanya ce mai amfani, amma tana da yaudara. Idan ka rage katanga sau ɗari, duwatsunta sun koma tsakuwa, ruwa kuwa yana nan da kaurinsa, bai ragu ba, don haka yadda yake bi ta kafofin tsakuwa ba daidai yake da yadda yake bi ta kafofin manyan duwatsu ba. Ƙasar Fotugal ta ɗanɗana irin wannan yaudarar. A watan Fabrairun 1978 guguwa ta farfasa sabuwar katangar tashar Sines, wadda aka lulluɓe da curin kankare masu ƙafafu, kowane tan 42. A ɗakin gwaji 'yan ƙananan curin ba sa karyewa, sai dai su motsa. A teku kuwa manyan karairayewa suka yi. Don kauce wa irin haka ne su Takahashi suka sa nasu samfurin a cikin wata babbar na'ura mai wulwulawa, wadda ke ninka nauyin komai sau da yawa, har tsakuwar ta ji matsin da dutsen gaske ke ji. Amma gwaji ɗaya a irin wannan na'ura aiki ne na kwanaki da kuɗi masu yawa.

Nan ne kwaikwayo da kwamfuta ya shigo. Ma'anarsa a taƙaice: a rubuta dokokin tafiyar ruwa da na motsin dutse a matsayin lissafi, a ba kwamfuta siffar katangar da tsayin ruwan, ita kuma ta yi ta lissafa abin da zai faru a kowane ɗan wuri, taki bayan taki, kowane taki bai kai ƙiftawar ido ba.

Dokar farko ta tsufa ƙwarai. A 1856 wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, wanda ya kawo wa birnin Dijon ruwan famfo, ya cika bututu da yashi ya bi da ruwa ta ciki. Ya gano cewa idan ka ninka matsi, gudun ruwan ma ninkawa yake yi. Dokar na aiki a yashi, inda ruwa ke silalewa a hankali. A tsakanin duwatsu masu nauyin kilo ɗaruruwa kuwa, ruwa na gudu ne yana birkicewa, sai dokar ta gaza. Philipp Forchheimer, ɗan Ostiriya kamar Terzaghi, ya gyara ta a 1901, ya ƙara wani sashe da ke nuna cewa idan gudu ya yi yawa, tirjiyar da duwatsu ke yi wa ruwa na ƙaruwa fiye da ninki. Wanda ya yi lissafin tudun katangar teku da dokar Darcy kaɗai, amsar da zai samu game da gudun ruwan ba za ta zama gaskiya ba, ko da kwamfutarsa ta fi ta kowa.

An daɗe ana amfani da hanyar raga. A yanka hoton katangar da ruwan zuwa ƙananan gidaje dubbai ko miliyoyi, a lissafa matsi da gudu a kowane gida, da abin da yake miƙa wa maƙwabcinsa. Hanyar na da kyau wajen nuna inda matsi ya taru da kuma lokacin da tudun ya kusa gazawa. Matsalarta, tana ɗaukar tudun a matsayin abu guda dunƙulalle. Da zarar duwatsu sun fara rabuwa suna mirginawa, ragar ta murɗe, lissafin ya tsaya. Wato tana raka ka har bakin rushewar, amma ba ta shiga da kai ciki.

Shi ya sa aka koma ga hanyar ƙwayoyi. A nan ba raga. Ruwan ne ake mayarwa 'yan ɗige-ɗige masu yawo, kowane ɗigo na ɗauke da nauyinsa da gudunsa, yana jin na kusa da shi. Abin sha'awa, masu nazarin taurari ne suka ƙirƙiro wannan dabara a 1977, Leon Lucy a gefe guda, Robert Gingold da Joe Monaghan a ɗaya gefen, don su kwaikwayi yadda iskar sararin samaniya ke dunƙulewa. Sai a 1994 Monaghan ya nuna za a iya amfani da ita ga ruwa mai tumbatsa. Su kuma duwatsun, akwai dabarar da Peter Cundall da Otto Strack suka wallafa a 1979, inda kowane dutse ke zama abu mai zaman kansa, yana karo da ɗan'uwansa, yana gogarsa, yana zamewa. Idan aka haɗa biyun, ruwa na tura dutse, dutse na tare ruwa, kuma duk dutsen da ya gusa ya canza hanyar da ruwan zai bi a taki na gaba. Mai bincike na zaune gaban allo yana kallon yadda dutsen farko ke ɗagawa a bayan akwatin, yadda gangaren ke kumbura, yadda akwatin ke jingina har ya tafi.

Sai dai akwai tsada. In ana so a ga ruwa na zagaya kowane dutse, dole ɗigon ruwan ya fi dutsen ƙanƙanta sosai, adadin ɗigon kuma sai ya wuce abin da kwamfuta za ta iya ɗauka idan katangar gaske ce. Don haka akan yi sassauci: a bar ɗigon da ɗan girma, a yi amfani da matsakaicin jan da ruwa ke yi wa duwatsun wurin. Sassaucin na rage aiki, amma yana iya ɓoye daidai abin da ake nema, wato lokacin da ɓuɓɓugar farko ke somawa. A Jami'ar Kyushu, Mitsuteru Asai da abokan aikinsa sun wallafa wani aiki a 2023 inda suka magance wannan ta hanyar dasa iyakar nan ta Terzaghi a cikin lissafin ƙwayoyin, sannan suka gwada sakamakon da abin da aka gani a kwatamin gwaji. Ku duba fa, ƙa'idar da ta kusa shekara ɗari ita aka ɗauko don ta daidaita wa sabuwar kwamfuta sahu. Ni wannan ya fi burge ni a kan kyawun hotunan da ake nunawa.

Ga inda na tsaya a wannan magana. Japan ba ta rasa kwamfuta ba, ba ta kuma rasa masana ba. Wata uku bayan bala'in, a watan Yunin 2011, kwamfutarsu mai suna K da ke birnin Kobe ta zama mafi sauri a duniya. Abin da aka rasa tambaya ce. An tsara katangar Kamaishi bisa girman tsunamin 1896 da kuma igiyoyin guguwa, aka tambayi lissafi ko za ta tsaya, lissafi ya ce za ta tsaya, kuma bai yi ƙarya ba. Tambayar da ba a matsa a kanta ba ita ce: in ruwa ya fi wanda muka zata, ta ina za ta fara lalacewa, cikin minti nawa, kuma me za mu ƙara don ta daɗe tana tirjiya? Babban amfanin kwaikwayon rushewa ke nan a wurina. Yana tilasta wa injiniya ya kalli faɗuwar gininsa tun kafin ya gina shi, abin da ba mai gini da ke son yi.

Kuma kada hoton kwamfuta ya ruɗe mu. Girman kafofin da ke cikin tudun, da siffar duwatsun, da yadda suka zauna bayan an zubo su daga jirgi, duk mutum ne ke ƙiyasta su ya ba na'urar. In ƙiyasin ya kauce, za ta fitar da hoto mai launi, mai motsi, mai gamsarwa, kuma kuskure. Lissafin da ba a auna shi da gwajin ɗaki ko da awon fili ba, bai kamata a ɗora rayukan mutane a kansa ba.

Ko hukuncin da aka yanke wa katangar bayan ta faɗi, daga kwamfuta ya fito. Cibiyar nan ta tashoshin jiragen ruwa ta kwaikwayi tsunamin sau biyu, da katanga da kuma babu ita. Ta ce katangar ta rage tsayin ruwa a cikin tashar daga mita 13.7 zuwa kimanin 8, wato kashi 40 cikin ɗari, ta kuma jinkirta shigarsa gari da minti 6. Minti shida ba wasa ba ne ga tsohuwar da ke hawan tudu da sanda. Amma akwai masu ja. Jaridar New York Times ta ruwaito a watan Nuwamban 2011 damuwar da wasu ke nunawa cewa katangar na iya karkatar da ƙarfin ruwan zuwa ƙauyukan da ke gefe, irin su Ryoishi, da kuma cewa ta sa wasu mazauna garin sun saki jiki. Hukumar da ta yi gini, cibiyar da ke ƙarƙashin inuwarta ta yi lissafin da ya wanke ginin, dole mutane su nemi a buɗe lissafin kowa ya duba. Neman nan daidai ne, ko da lissafin ya tabbata.

A unguwar Unosumai ta wannan gari dai, wadda ke bakin wani lungun teku na dabam, akwai makarantar firamare da ƙaramar sakandare da taswirar hatsari ta nuna ruwa ba zai kai gare su ba. Ita ma taswirar da lissafi aka zana ta. Farfesa Toshitaka Katada, wanda a lokacin yake Jami'ar Gunma, ya shafe shekaru yana koya wa yaran Kamaishi abubuwa uku, na farkonsu shi ne kada su jingina da hasashen da aka yi musu. Ranar da abin ya faru, ɗalibai kusan 570 na makarantun biyu suka ruga tudu, manya na jan hannun ƙanana, suka isa mafakar farko suka ga ba ta isa ba, suka ƙara gaba. Ruwa ya shanye makarantun. A garin gaba ɗaya, cikin ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000, kashi 99.8 cikin ɗari sun tsira. Katada kansa injiniya ne mai aiki da kwaikwayon kwamfuta, shi ya sa ya san iyakarsa.

Japan ta sauya tsari bayan haka. Ta raba tsunami gida biyu: wanda ke zuwa sau ɗaya cikin gomman shekaru zuwa ɗari da ɗoriya, wanda dole gini ya tare shi, da kuma mafi girma wanda ba a sa ran gini zai hana shi, sai dai ya rage masa ƙarfi ya saya wa mutane lokacin gudu. A 2013 ma'aikatar da ke kula da ƙasa da sufuri ta fitar da jagoran tsara katangun teku masu taurin kai, waɗanda ko ruwa ya haye su ba za su kife nan take ba. Dabarun ba su da wani ƙyalƙyali: a ƙara tula duwatsu a bayan akwati, a lulluɓe su da curin kankare don kada ruwan sama ya tone su, a shimfiɗa tabarmar kwalta a ƙarƙashin akwati don ta ƙara masa cizo. Amma kaurin tulin da za a ƙara, da girman dutsen da ruwan ƙasa ba zai ɗaga ba, gwaji da lissafi ne ke faɗa. An sake gina katangar Kamaishi, aka gama a watan Maris na 2018, a kan kuɗi kimanin yen biliyan 65.

Mai sauraro a Kano ko Maraɗi zai iya cewa ina ruwansa da teku. Kayan da ke cika kasuwanninmu ta tashoshin Legas da Kwatano da Lome da Tema suke shigowa, kuma duk katangun duwatsu ne ke kare su, har da sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a watan Janairun 2023. Amma abin da ya fi kusa da mu shi ne madatsun ruwa. Yawancin manyan dam-dam ɗinmu da ƙasa da duwatsu aka tula su, irin su Tiga da aka gama a 1974. Ruwa a gefe guda ya fi na ɗaya gefen tsayi, ba na mintoci ba kamar tsunami, na shekaru, kuma kullum yana kurɗawa ta ciki da ta ƙarƙashi. Dokar Darcy da iyakar Terzaghi su ne dai ke aiki a nan. Mun ga fashewar dam ɗin Bagauda a 1988, mun ga abin da ɓallewar dam ɗin Alau ta yi wa Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024. Kowanne da sanadinsa, amma tambayar da Kamaishi ta koya wa Japan ta hau kanmu: an taɓa zama an lissafa yadda kowace madatsa za ta lalace, da unguwannin da ruwan zai bi, da mintocin da mutane ke da su?

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. Manhajoji irin su OpenFOAM da DualSPHysics da Yade kyauta ake sauke su daga intanet. Ɗalibin injiniya a Zariya ko Kano ko Maiduguri ko Yamai zai iya koyonsu. Abin da zai rasa shi ne awo: matsin ruwan da ke cikin jikin madatsar, yawan yoyon da ke fita a gindinta wata bayan wata, irin ƙasar da aka gina ta da ita. Kiran da nake yi ga hukumomin da ke riƙe da madatsun ruwa shi ne su dasa bututun auna matsi inda babu, su gyara waɗanda suka toshe, su riƙa rubuta abin da suka auna, su kuma ba jami'o'i damar gani.

Ku kuma jama'a da ke noma ko kiwo ko zama a ƙasan wata madatsa, ga abin da za ku riƙe. Ɗan yoyo mai haske garau a gindin madatsar ƙasa abu ne da aka saba gani. Amma in kun ga ruwan ya yi ja ko ya gurɓace da laka, ko yana ɓuɓɓugowa yana tara yashi a bakin ramin, ko yawansa na ƙaruwa alhali ba a yi ruwan sama ba, to jikin madatsar yake kwasowa. Ku sanar da mai unguwa da ma'aikatan dam ɗin a ranar, kada ku bari sai gobe, sannan ku kwashe yara da tsofaffi zuwa kan tudu kafin a zo dubawa.